Mai Ido Uku

Tana fitowa daga ofishin rajistar kotu, rungume da fayiloli har haɓa, ƙamshin turarensa ya riga shi isowa. Lauyan Likitan da take shirin gurfanarwa ke nan, wanda ma'aikatan kotun ke kira Mai Turare a bayan idonsa, irin mutumin da ko gaisuwa ya yi maka sai ka koma gefe ka laluba aljihunka.

"Barista, an tashi lafiya? Gobe ke nan, in Allah ya kai mu."

"In Allah ya kai mu," ta ce, ba ta ko rage sauri ba.

Ya biyo ta taku biyu, ya sassauta murya kamar mai ta'aziyya. "Yaya jikin tsohuwarmu? Idon dai da sauƙi ko?"

Ta tsaya cak. Shekararta goma sha ɗaya tana lauyar gwamnati, shida daga ciki a sashen da ke gurfanar da masu damfarar asusun lafiya, kuma ko abokan aikinta ba su san tana da uwa a raye ba, balle ciwon idonta. Ba ta kai zancen gida ofis, ba ta kai zancen ofis gida. Ta juyo ta dube shi. Yana murmushi, yana gyara maɓallin hannun rigarsa.

"Da sauƙi," ta ce.

"Madalla. Ido ai ba abin wasa ba ne. A gaishe ta."

Ya wuce ya bar mata ƙamshin, ita kuwa har ta isa mota tana juya maganar tasa. Ruwa ba ya tsami banza, musamman a bakin wannan mutumin.

Shari'ar da za a fara gobe ta ci mata shekara biyu. Likita yana da asibiti mai zaman kansa, mai koriyar ƙofa, kuma duk Laraba farar motarsa takan zaga unguwanni ta kwaso tsofaffi. A auna musu jini kyauta, a ba su 'yan ƙwayoyi a ƙullin leda, a riƙe katunansu na asusun lafiya wai don kada su ɓata, sannan kowa ya dangwala yatsa a ƙasan farar takarda. Da sun juya baya sai a cike takardar da ayyukan da ba a yi ba, a tura wa gwamnati ta biya. Fayil ɗari biyu da goma sha biyu ta tara. Amma allura da ƙwaya da gwajin jini ba sa barin tabo a jiki. Likita zai ce ya yi, tsoho zai ce bai tuna ba, alƙali ya yi hamma. Ga shi da yawa daga cikin tsofaffin ma sun riga mu gidan gaskiya.

Fayil guda ne tak ba ya musuwa, mai lamba arba'in da ɗaya. Mace, shekara sittin da takwas. An cire mata yanar ido a dama, bayan wata biyar an cire a hagu, bayan wata bakwai kuma, da haɗama ta rufe wa mai cike takardar nasa idon, aka sake cirewa a dama. Ranar da aka gano wannan har masinja sai da ya yi dariya ya riƙe ciki, daga nan kowa a ofis ya koma kiran fayil ɗin Mai Ido Uku. A kawo matar kotu, likitan gwamnati ya haska idonta ya ce wuƙa ba ta taɓa shi ba, shi ke nan an gama da Likita.

Ba ta san ko wace ce matar ba, kuma da wannan take alfahari. Tun da aka taɓa yin wani abin kunya, ciwon wani bawan Allah ya fita daga ofishinsu ya shiga bakin 'yan unguwa, ita ta kafa doka: duk fayil ɗin majinyaci, kafin ya hau teburin lauya, a manne suna da adireshi da baƙin salatif, a ba shi lamba. Littafin da ke haɗa lamba da suna yana kulle a durowar Baba Magatakarda, ba a buɗe shi sai ranar rubuta sammaci. Ta yi faɗa da manya a kan dokar nan, ta yi nasara, har aka yaba mata a taro. Yau ce ranar rubuta sammacin.

Ta tarar da Baba Magatakarda zaune, littafin a buɗe a gabansa, biro a hannu, bai rubuta komai ba. Dattijo ne mai surutu, wanda kan tarbe ta da labarin ciwon gwiwarsa tun daga bakin ƙofa. Yau ko sannu da zuwa bai yi ba.

"Baba, ina sammacin Mai Ido Uku? So nake a kai shi kafin azahar."

"Barista, zauna tukuna."

"Ba ni da lokacin zama."

"Ranki ya daɗe, zauna." Ya cire tabarau ya goge da bakin riga. "Ranar da motarki ta lalace, kin tuna na raka direban ofis ya sauke ki a wani gida? Mai bishiya a ƙofa, kusa da injin niƙa?"

Ya juyo mata littafin. Ta karanta layin sau ɗaya, sannan ta sa yatsa ta bi shi harafi bayan harafi kamar 'yar aji ɗaya. Sunan Inna mahaifiyarta ne, da sunan kakanta, da lambar gidan da aka haifi ita Baristar a ciki.

Shekara biyu tana yawo da uwarta a jaka, tana ɗaga ta a taro, tana yi mata dariya tare da masinja. Ta tuna Asabar ɗin da takan leƙa gida, Inna na cewa "mun je awo ranar Laraba," ita kuwa ido a kan waya tana cewa "madalla." Ta ɗauka ƙaramin asibitin gwamnati na ƙarshen layi ake nufi, ba ta taɓa tambaya ba. Ta sauke ido ƙasan shafin. Daga layin gidan su Inna kaɗai mutum tara ne, har da mai sayar da gawayi, aminiyar Inna, wadda aka binne bara.

Daraktan sashensu ya saurare ta har ta gama, yana jujjuya kofin shayin da ya huce. Ba mugu ba ne, mutum ne dai da ya rage masa wata takwas ya yi ritaya, kuma ba ya son ƙura ta tashi a cikinsu.

"Kin fi ni sanin doka," ya ce. "Ba ki tsayawa a shari'ar da mahaifiyarki ce shaida. Hanya biyu ce. Ki zare arba'in da ɗaya ki ci gaba da sauran, ni da ke da Baba muka sani, mu ja bakinmu."

"Yallaɓai, sauran ba za su ɗaure ko akuya ba."

"Ko kuma ki rubuto cewa kin janye, fayil ɗin ya zauna, in miƙa wa wani."

"Wa?"

Ya kalli taga. "Mutum ɗaya ne ke da sarari a teburinsa."

Ba sai ya faɗa ba. Malam A-Ɗage ne, lauyan da bai taɓa faɗuwa shari'a ba domin bai taɓa bari a kai ƙarshenta ba. Lauyan ɗaya ɓangaren na tari, shi zai miƙe ya roƙi a ɗage zama don a tausaya masa. Akwai shari'ar da ya gada tun 'yarsa tana goye, yanzu an kusa yi wa yarinyar rajistar jami'a.

"Ki yi tunani zuwa gobe da safe," in ji Darakta.

A kan matakala ta kira Inna. Bugu ɗaya aka ɗauka, abin da bai taɓa faruwa ba, don Inna sai ta gama laluben wayar a ƙarƙashin filo.

"Auta! Yanzu nake cewa a kira min ke. Albishirinki!"

"Inna, kina ina?"

"Ina gida mana, ina zan je? Likitanmu na Laraba ya aiko, ya ce layi ya zo kaina. Da la'asar mota za ta zo a kwantar da ni, gobe da sassafe a yi min aikin, duka biyun. Wai har babban likitan ido ya ɗauko musamman. Kin ji ɗan albarka?"

Sai a lokacin ta gane gaisuwar Mai Turare. Ba barazana ya yi mata ba, kyauta ya kawo mata, kuma ita ce ta fi tsoratar da ita. In wuƙa ta taɓa idanun nan gobe, takardun Likita sun zama gaskiya. Dama an yi, hagu an yi, na ukun kuwa kuskuren mai rubutu ne, wa ba ya kuskure? Inna ta samu ido, Auta ta tsira da kujerarta, Likita ya koma zagayen Laraba. An raba wa kowa nasa, ba wanda zai ce an cuce shi.

"Kada ki fita, Inna. Ga ni nan."

Hanyar ta cushe kamar da gayya. Wata babbar mota ta mutu a tsakiyar gada, masu babura na kutsawa ta ko'ina, agogon motar na ta cin mintoci. Duk farar motar da ta hango a madubi sai ta ɗauka ta Likita ce. Ta isa ƙarfe huɗu saura kwata.

Warin man keke ne ya fara tarbarta a tsakar gida. Inna tela ce, shekara arba'in tana taka keken ɗinki, da shi ta biya kuɗin makarantar 'ya'ya biyar har aka kai ga Auta. Tun da yanar ido ta rufe mata gani aka lulluɓe keken da tsohon zanen gado aka tura shi lungu. Yau ga shi a tsakiyar ɗaki, an yaye masa zane, an goge shi yana ƙyalli, man ya ɗiɗɗiga a ƙasa inda hannu ya kuskure rami. Inna na zaune a bakin gado cikin kayanta na fita, jaka a kan cinya, ta juyo da fuska wajen ƙofa. Idanun nan biyu sun yi fari kamar an ɗiga musu madara.

"Takunki ne wannan, ko kunnena ne ya fara bin sawun idon? Yau Laraba fa. Gwamnati ta rushe ne?"

Auta ta durƙusa ta gaishe ta, ba ta tashi ba. Daga nan ƙasa ta faɗa mata komai, a hankali, yadda take yi wa shaidun da ba su yi boko ba. Ta faɗi farar takarda, ta faɗi katin, ta faɗi aiki uku a ido biyu. Ba ta faɗi sunan da suke kiran fayil ɗin ba.

Inna ta yi 'yar dariya. "Uku? To ina suka kai na ukun? Su ba ni shi mana in riƙa maneji."

"Inna, ba wasa ba ne."

"Na ce miki wasa ne? Ashe shari'ar da ta cinye min ke, da likitana kike yi." Ta gyara zaman jakar. "To ya ci na gwamnati. Gwamnati ta bi shi, tana da 'yan sanda, tana da ke. Ni me na ci? Ni dai na san duk Laraba akwai wanda ke cewa Inna yaya idon, ya riƙe hannuna in hau mota. Ke kuwa shekara biyu, in na ce Auta idona, ki ce da an gama shari'ar nan, Inna. Har na haddace."

Ba ƙarya a ciki ko ɗaya, shi ya sa ta yi zafi. Auta ta matso kusa da gadon.

"Shekara biyu yana ɗiga miki ruwa yana ce miki layi bai zo ba, alhali a takarda ya gama da ke tun tuni. Yau da ya ga za ki tsaya gaban alƙali, yau layi ya zo?"

"Ko don tsoro ya yi, ai ido ido ne."

"Zan kai ki wani asibitin, Inna. Ni da kaina."

"To tashi mu je. Ga jakata a shirye."

Auta ba ta motsa daga inda take ba. Inna ta karkata kai tana sauraron shirun, don makaho ya fi kowa jin abin da ba a faɗa ba.

"Ba yau ba ke nan."

"Sai likitan kotu ya duba ya rubuta. Sannan su ma suna da haƙƙin kawo nasu likitan ya duba. Kafin nan ba a taɓa idon, in an taɓa hujja ta lalace. Sai alƙali ya ce an sallame ki."

"Wata nawa?"

"Ban sani ba. Kuma ba ni zan riƙe shari'ar ba, tunda ke ce shaida. Wani za a ba."

"Mai sauri ne?"

Auta ta tuna Malam A-Ɗage yana kakkaɓe rigarsa zai miƙe. "A'a," ta ce.

"Allah sarki. Kin hana ni nasa, ba ki ba ni naki ba, kuma kin sauka daga motar kin bar ni a ciki." Inna ta shafa jakar. "Auta, in na je fa? Wa zai sani?"

"Ba wanda zai ce komai. Ogana ma ya ce a ja baki."

"To?"

"Mutum tara ne a layin nan, Inna. Na ga sunayen yau." Tana sane cewa dokar da ta kafa da hannunta take shirin takawa. "Har da mai gawayi. A takarda, wata goma sha takwas yana ba ta maganin ciwon sukari mai tsada, da gwaji duk wata."

Hannun Inna ya tsaya a kan jakar. "Ƙarya ne. Ledarmu iri ɗaya ce, ni da ita. Farare shida, jajaye shida. Har musanya muke in tawa ta ƙare." Muryarta ta yi ƙasa. "Ƙafarta ta kumbura har ta fashe, ta nuna masa, ya ce sanyi ne. Ni na riƙe ta a motar ranar, tana ta neman ruwa."

Injin niƙa na maƙwabta ya yi ta ruri, ya tsaya. A cikin shirun suka ji mota ta shigo layin a hankali, ta tsaya daidai bishiyar ƙofa, aka danna hon sau biyu, gajeru, na wanda ya saba da gidan.

Inna ta miƙe da jakarta, jiki ya riga tunani. Ta yi taku ɗaya, gwiwarta ta bugi ƙafar keken, ta dafa shi. Ta daɗe a tsaye a haka, tafin hannunta a kan ƙarfen da ta goge da safe. Auta na durƙushe, ba ta riƙe ta ba. Ta san in Inna ta nufi ƙofa ba za ta tare ta ba, ita ce ma za ta ɗaukar mata jakar, kuma wani ɓangare na zuciyarta roƙo yake Allah ya sa ta nufa.

Aka sake danna hon.

"Je ki faɗa masa," in ji Inna. "Ni bakina ba zai iya ba."

Direban na jingine da farar motar, mutum mai fara'a, har ya buɗe ƙofar baya ya ajiye ɗan matakalin da tsofaffi ke takawa. Ta cikin gilashi Auta ta hango kawuna huɗu ko biyar, kowa da ƙullin ledarsa a hannu.

"Inna ba za ta je ba," ta ce.

Bai yi mamaki ba, bai ma tambayi dalili ba. Ya ɗauke matakalin ya mayar ciki. "Likita ya ce in Barista ce ta fito, in gaishe ta da kyau. Ya ce gadon na nan har ƙarfe bakwai na safe, ko da za a sake shawara. Bayan nan babban likitan zai koma." Ya miƙo mata wani abu. "Ga katin Inna, ya ce a dawo mata da shi."

Motar ta ja, ba ta yi nisa ba. Gida uku a gaba ta tsaya, aka danna hon sau biyu.

Ta koma ciki ta zauna a ƙasa, ta ɗora takarda a kan jakar aikinta ta rubuta wa Darakta layi huɗu, cewa ta janye, kuma fayil mai lamba arba'in da ɗaya yana nan a cikin hujjoji. Ta sa hannu a ƙasa. Sannan ta fito da sammacin da Baba Magatakarda ya cusa mata a jaka ba tare da ya dube ta ba.

Jin motsin takarda, Inna ta miƙo babban yatsanta, a miƙe, a shirye. "Ina wurin?"

Auta ta kama yatsan ta riƙe a tafin hannunta. "Sai na karanta miki tukuna."

"Yau kuma? Shekara biyu ina dangwalawa ba wanda ya karanta min."

Ta karanta mata tun daga sama har ƙasa, da ranar, da lambar ɗakin kotun, da hukuncin wanda ya ƙi zuwa. Inna ta saurara kamar ana karanta mata wasiƙar wani. Da aka gama ta dangwala, ta goge yatsan a gefen zaninta na fita. Ta buɗe jakar ta fara fito da kayan ɗaya bayan ɗaya, tana shafa kowanne kafin ta ajiye: sabulu, tawul, kofi, sai wani ɗan ƙunshi da ta riƙe ya fi sauran daɗewa. Allurai ne sababbi da zare, ta so ta gwada zirawa tun a gadon asibiti.

"To yaushe ke nan, Auta?"

Auta ta buɗe baki tana neman wata magana dabam, kowace iri ce. Ta duba ko'ina a cikin kanta, ba ta samu ba.

"Da an gama shari'ar nan, Inna."

Inna ta gyaɗa kai. Ta laluba bayan gado ta jawo tsohon zanen, ta kakkaɓe shi, ta lulluɓe keken, tana bin kusurwa huɗun da hannu har sai da ta tabbatar ko'ina ya rufu.